Idan ƙafar tsoho ta fara mutuwa

An tattauna wannan a majalisar bayan la'asar a wani ƙauye kusa da Ringim, da ma'aikacin lafiya a wurin. Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga tafin ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa suna rauni da shekaru, shi ya sa Baba ke jin kamar yana taka auduga, ko takalmi ya zame bai sani ba. Amma kada a ɗora wa tsufa komai. A gwada suga tukuna, domin ciwon suga na cikin manyan masu lalata jijiyar ƙafa. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo haka, musamman ga mai shan metformin, wato wani maganin ciwon suga, shekara da shekaru. Nono, ƙwai, kifi da nama suna da wannan bitamin.

Abin da ya fi damuna shi ne jin ɗumi da hunturu. Ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa a bakin wuta mai ita yana ta hira. A riƙa duba ta kullum lokacin alwala, har tsakanin yatsu, kuma a daina shiga gona ba takalmi saboda ƙaya.

Sanda ba abin kunya ba ce. A ajiye tocila kusa da shimfiɗa don fita bayi da dare, kuma a bar shi ya riƙa takawa zuwa masallaci, jika na gefensa.