Fitilar da ake kunnawa da murya: wacce zan saka wa Mama?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata shekarunta 78, ciwon gwiwa ya sa tashi daga gado ya zame mata aiki. Makon jiya ta tashi cikin dare za ta banɗaki, tana lalube bango tana neman makunni, ƙafarta ta harɗe da bakin kafet ta faɗi. Allah ya tsare babu karaya, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina so in saka mata fitilar da za ta yi wa magana daga kwance ta kunnu. Wuri uku ne kawai: ɗakinta, hanyar banɗaki, da banɗakin. Ku lura da abu biyu, wayarin ɗin gidan tsoho ne, kuma Mama ba ta jin Turanci. Ƙwan fitilar zan canza ko makunnin bango? Wanda ya taɓa sakawa ya faɗa min abin da ya gani.

Sadiku:
Philips Hue, kada ka wahalar da kanka. Tun 2012 suke wannan harkar. Ƙwai 14 gare ni, duk a kan ɗan akwatinsu da ake jonawa da rauta, kuma akwati ɗaya yana ɗaukar kusan 50. Da Zigbee suke magana da juna, wato wata hanyar sadarwa ta daban, ba sa cunkushe maka Wi-Fi. Ka ga falona idan na mayar da shi shuɗi lokacin kallon ƙwallo!

Maman Ilham:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Amma Sadiku, kuɗin ƙwanka ɗaya ni huɗu na saya da shi na Wi-Fi, babu wani akwati. Shekara guda ke nan lafiya lau.

Sadiku:
Huɗu dai Hajiya? Da mai launi kika gwada. Farin bai wuce ninki biyu ba.

Nura:
Ni da na duba, shida ma zai saya, in ka haɗa da kuɗin akwatin.

Malam Tanimu:
Baban Khalil, ka saurare ni da kyau, don ni na sha. Ƙwai 11 na saya na wani kamfani da ba zan kama suna ba, masu arahar nan na Wi-Fi. Satin farko har baƙi nake kira su zo su gani. Sai ranar da aka ɗauke wuta da yamma, aka dawo da ita ƙarfe uku na dare. Gidan nan gaba ɗaya ya haske kamar rana tsaka, har ɗakin jaririya da uwarta ta yi awa biyu tana jijjigawa. Ta tashi da kuka, ni kuma ina tsaye tsakar ɗaki ina yi wa lasifikar da ke karɓar umarnin murya ihu, ita ko rauta ba ta gama tashi ba balle a ji ni.

Bayan nan na canza rauta. Ashe Wi-Fi zango biyu ne, 2.4 da 5, ƙwayayen 2.4 kawai suke kamawa, sabuwar rautar kuma ta haɗe su a suna ɗaya. Kowane ƙwai sai na kashe na kunna sau biyar a jere har ya fara ƙiftawa, sannan in sake haɗa shi. Na wuni ina zagaye gida da waya a hannu. Ga mai ɗakina, hannunta ya saba da bango, tana fita daga ɗaki za ta danna makunni, kuma da zarar an kashe daga bango shi ke nan, ƙwan ya kurmance, ko me za ka ce masa. Har salatif na manna a kan makunnan, yara suka ɓare.

Ƙarshenta wata safiya manhajar ta ƙi buɗewa. Na rubuta wasiƙa uku ba amsa. Kamfanin ya rufe sabarsa, wato kwamfutar da manhajar ta dogara da ita ta intanet. Yanzu ƙwayayen suna nan a sama, da hannu muke kunna su kamar kowane ƙwai. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya da wannan ba.

Injiniya Bashir:
Malam Tanimu, abin da ya same ka ba sabo ba ne. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon mai irin waɗannan kaya a Amurka ya kashe sabarsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhaja ba ta aiki. Shi ya sa nake cewa a duba tambarin Matter a kwali, wato tsarin da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. A ƙarshen 2022 aka fito da shi, Apple da Google da Amazon da Samsung duk suna ciki, kayan ba sa rataye a wuyan kamfani ɗaya. Maganar hasken ƙarfe uku kuwa, masu kyau suna da saitin da za ka ce idan wuta ta dawo su koma yadda suke. Ni makunnin bango nake ba da shawara, don yana aiki da hannu yana aiki da murya. Sai dai yawancinsu suna buƙatar wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin makunni, tsohon wayarin kuma sau da yawa babu ita a wurin.

Sadiku:
Injiniya, a gidanka ka saka ko a gidan mutane?

Injiniya Bashir:
Na saka a gidaje da yawa, wannan bai isa ba?

Malam Tanimu:
Bai isa ba. Kai da yamma kake tattara kayan aikinka ka tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nura:
Baban Khalil, ka samo jika ɗaya ka shimfiɗa masa katifa kusa da Mama. Shi ma da murya yake aiki, yana jin Hausa, kuma ba ruwansa da intanet.

Maman Nana:
Nura ka ba ni dariya, amma ka taɓo wurin da kowa ya tsallake. Alexa, mai karɓar umarnin murya ta Amazon, tana jin Larabci, tana jin Hindi da Faransanci, ba ta jin Hausa. Surukina mun koya masa kalma biyu na Turanci, da rana yana faɗa daidai, amma cikin magagin barci murya ta dushe, sai ya faɗa sau uku ba ta kama ba, ya yi fushi ya tashi da kansa. Abin da ya yi mana magani shi ne ɗan na'urar jin motsi da muka manna a ƙasan gado. Yana sauke ƙafa fitila ta kunnu, haske kaɗan mai ɗan ja, irin wanda ake rubuta wa 2700K a kwali, da ba ya kashe ido. Muka ƙara masa ƙaramin rimot a gefen matashi.

Ummu Hani:
Ni abin da ke damuna daban ne. Yaya za a kai makirfo ɗakin barcin tsohuwa yana kunne dare da rana? A 2019 Bloomberg ta ba da labarin cewa akwai ma'aikatan Amazon da ke sauraron wasu muryoyin da aka naɗa don gyara Alexa. A Maris ɗin 2025 kuma suka cire zaɓin da ke hana wasu lasifikokinsu na Echo tura murya zuwa sabarsu.

Sadiku:
Sai ta ji sunanta take fara turawa, Yaya. Kuma akwai maɓallin kashe makirfo a samanta.

Ummu Hani:
In Mama za ta tashi ta danna maɓalli kafin ta yi magana, me aka yi ke nan?

Maman Ilham:
Ku bar ta lasifika, wayar hannu fa? Shekaranjiya muna hirar takalmi da ƙanwata, ban rubuta komai ba, kafin dare tallar takalmi ta cika min waya.

Injiniya Bashir:
Wataƙila ƙanwar taki ce ta bincika, kuma kuna kan Wi-Fi ɗaya.

Maman Ilham:
Wayarta tana caji a ɗaki, Injiniya. Ina zaune a wurin.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maman Nana, na'urar motsin nan tana aiki in intanet ya yanke? Injiniya, ta yaya mai wayarin zai gane ko akwai nutural ba tare da an fasa bango ba?

Ummu Hani:
Maman Ilham, ni ma ya faru da ni da maganar katifa. Ki shiga saitin wayar ki duba manhajojin da kika ba izinin makirfo, ni guda tara na samu, har da ta tocila.