Gwaji ya ce lafiyata lau, amma jikina kamar na aro ne

Mai Shagon Atamfa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 41, ina sayar da atamfa a Kaduna. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Birnin Gwari bayan la'asar. Na diro daga mota na faɗa wani kwazazzabo, na kwanta rub da ciki har duhu ya yi. An tafi da mutum uku daga motarmu. Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Aka yi ta zuwa barka, na yi sadaka, bayan kwana biyar na buɗe shago.

Sai bayan wata biyu abin ya taso. Ina alwala na lura ba na jin sanyin ruwan, ina kallon hannuna kamar na wani. In ina cin abinci ban san na ƙoshi ba sai maiɗakina ta janye kwanon. Kafaɗuna kullum a ɗage, da safe muƙamuƙina na ciwo saboda a datse haƙorana ke kwana. Babur ya yi ƙara a bayana, gabana ya yanke ya faɗi. An ɗebi jinina sau huɗu, na sha maganin taifod da na maleriya, an ce olsa ce, an duba zuciya. Komai lafiya lau.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba na ma tunanin abin. In an tambaye ni sai in ba da labarin tiryan-tiryan, ko gezau, kamar ba ni ya faru da shi ba. Ƙanena da ke karatu a Zariya ya ce akwai masu maganin damuwa da ke bi ta jiki maimakon hira kawai. Akwai wanda ya san yadda abin yake?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ka faɗa sananne ne, kuma ba hauka ba ne. In mutum ya firgita, jiki na sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, narkar da abinci ta tsaya. In babu halin gudu babu na faɗa, sai jiki ya sandare ya rage jin komai. Wannan sandarewar ce ta taimake ka ka kwanta sa'o'i ba motsi. Matsalar, kai ka dawo gida, jikinka bai samu labarin an tsira ba.

Maganar bi ta jiki ta daɗe. Wilhelm Reich, ɗan Austiriya almajirin Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, tun shekarun 1930 ya ce damuwa na mayar da tsokar mutum kamar sulke. Daga baya Peter Levine a Amurka ya gina tasa hanyar kan lura da namun daji: dabbar da ta kuɓuta daga bakin mai farautarta takan yi karkarwa, sannan ta tashi ta ci gaba da kiwo. A zaman irin wannan magani ba a matsa maka ka maimaita labarin. Za a ce ka ji tafin ƙafarka a ƙasa, ka ji bayanka a jikin kujera. Sai a ɗan taɓo ranar kaɗan, a tambaye ka a ina ka ji abin, ƙirji ko ciki, a tsaya nan har ya lafa, a dawo. Kaɗan-kaɗan, kamar shan kunu mai zafi. Ba tausa ba ce, yawanci ko taɓa ka ba a yi.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, binciken da aka yi a kan wannan hanya ta bi ta jiki bai kai na wasu hanyoyin ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wasu hanyoyi ga mai irin wannan firgita, daga cikinsu akwai: tattaunawar gyara tunani da ta shafi abin da ya faru, da EMDR, wadda ake haɗawa da motsa ido. Ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ka nemi ganin likitan halayyar ɗan Adam, ka faɗa masa komai yadda ka rubuta nan, har da maganar alwalar.

Baba Na Liman:

Ɗana, kada ka bar azkar na safe da yamma, ka kuma je inda 'yata ta ce, neman magani ba ya karya tawakkali. Abu ɗaya zan ƙara. Mutumin nan da ya yi salla da gaggawa, Annabi (SAW) ya ce ya koma ya sake, cewa aka yi ya yi ruku'u har ya natsu, ya yi sujada har ya natsu. Gaɓɓai ake nufi. In ka kai goshinka ƙasa, dakata har ka ji taɓin tabarmar. Kuma ai mu tun asali ba mu raba su ba: cewa muke hantar cikina ta kaɗa, jikina ya yi sanyi, tsikar jikina ta tashi.

Maman 'Yan Biyu:

Yaya, ni bayan rasuwar maigidana na yi shekara ina jin zafi a tsakiyar kai da abu kamar tururuwa na yawo a bayana. Gargaɗina kawai: da aka ce in rufe ido in ja dogon numfashi, jiri ya kwashe ni, tsoron ya ƙaru. Sai da na koma yi ido buɗe, ina kallon ƙofar ɗaki, ina jan numfashi kaɗan ina sakinsa a hankali kamar mai hura shayi, sannan na ji dama. Kada ka gwada kai kaɗai da dare.

Mai Shagon Atamfa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada da asuba. Da ruwan ya kai gwiwar hannuna na ji sanyinsa, na ɗan lokaci ne amma na ji. Sai hannuwana suka kama rawa har buta ta suɓuce. Malama, wannan rawar in danne ta ko in bar ta?

Malamar Jinya:

Ka bar ta, Yaya. Ka zauna, ka kafa ƙafafunka a ƙasa, a samu wani kusa da kai. In ta zo da ciwon ƙirji ko ka ji za ka suma, a kai ka asibiti nan take. Ka rubuta ranar da lokacin a takarda, ka tafi da ita Barnawa.