Rauta biyu a gida ɗaya sun hana ni sakat, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar netwok ku ba ni shawara. Rauta (na'urar raba intanet) ɗaya ce kowa ke hawa a gidana, yara da baƙi duka, kuma a kanta kwamfutar aikina da firinta da kyamarori suke, abin na damuna don akwai takardun mutane a kwamfutar nan. Sai na samo ta biyu na ja mata kebul daga ta farkon don in raba su, to tun ranar firinta ta fara ɓacewa, jiya da daddare sau huɗu ina tura takarda ko motsi ba ta yi ba. In na buga 192.168.1.1 ma shafin ɗaya rautar ke buɗewa. A ina na kuskure?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Malam. Adireshi ɗaya suke ɗauke da shi su biyun, kuma ina kyautata zaton a ramin LAN (na haɗa na'urorin cikin gida) ka soka kebul ɗin, kowacce na raba IP (lambar adireshin na'ura) da DHCP ɗinta (tsarin da ke raba lambobin da kansa) shi ya sa suke karo. Zare kebul ɗin ka shiga ta biyun ita kaɗai, ka mayar da LAN ɗinta 192.168.2.1 da subnet mask 255.255.255.0. Sannan ka soka kebul ɗin a ramin WAN na ta biyun (inda intanet ke shigowa), ka ba ramin tsayayyen IP 192.168.1.2, gateway da DNS kuma 192.168.1.1. Ta farkon ta riƙa rabawa daga .100 zuwa sama don kar ta ba wayar wani lambar nan.

Amsa ta 2: Ƙari kan bayanin ɗan uwa, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Wanda ke kan ta biyu yana iya kaiwa ga na'urorin ta farko, amma na farko ba shi da hanyar shiga ta biyu. Don haka kayan aikinka ne za su koma ta biyu, yara su zauna a ta farko. Firinta ka kafe ta a 192.168.2.10, a wajen lambobin da DHCP ke rabawa.

Mai tambaya: Kai, ashe da na yi ta a juye, yaran na so in tura ta biyun. Allah ya saka. Kyamarorin fa?

Amsa ta 3: In ta manhajar kamfaninsu kake kallo yawanci ba matsala, in kuwa kai ka buɗe musu port (ƙofar shigowa daga waje) to yanzu NAT biyu ne, wato kowace rauta na sauya adireshi, sai ka buɗe a rautocin duka. Kuma a Wi-Fi na 2.4GHz ka sa rauta ɗaya a tasha (channel) 1 ɗayar a 11.