Wa ya taɓa canza jirgi a tashar Idu? Ku taimaka min da bayani

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Sati mai zuwa in sha Allahu zan raka Baba Abuja, jirgin Umara zai hau, kuma ƙafarshi ba ta son dogon zama cikin mota. Tunanina mu yi mota daga Gusau mu bi Tsafe, Funtuwa, Zariya har Kaduna, mu hau jirgin ƙasa a Rigasa mu sauka Idu, to daga nan ne ban gane ba, an ce akwai wani ƙaramin jirgi da ke kai mutum har iyafot. Wanda ya taɓa bi don Allah ya faɗa min yadda abin yake.

Na Ƙaura: Wa alaikumus salam. Na bi sau biyu. Gaskiya ne, a Idu layukan sunka haɗu, babban na Kaduna da anka buɗe a 2016 da ƙaramin na cikin gari na 2018. Ƙaramin ya tsaya lokacin korona sai Mayun 2024 anka dawo da shi, lokacin da na hau ma kyauta ne ko sisi ban biya ba. Abin da za ka kiyaye shi ne daga Idu hanya uku ce, ɗaya iyafot, ɗaya cikin gari wajen Abuja Metro, ɗaya ta yi Gwagwa da Dei-Dei har Gbazango. Ka tambaya da bakinka kafin ku shiga, kar ka bi yuuu ɗin mutane, ni na ga wani dattijo da ya bi jama'a haka nan yana nufin iyafot sai ga shi a Kukwaba, wallahi ya ban tausayi.

'Yar Tsafe: Tikitin Rigasa dai ka yanka ta waya tun da wuri, kuma ku riƙe NIN ɗinku kai da Baba, tun bayan harin da aka kai wa jirgin a Maris na 2022 ake tambayarshi. Ni da goyo da akwati biyu na bi, jiran da na yi tsakanin jirgin nan da wancan shi ya fi gajiyar da ni, ba tafiyar ba. Ku ɗauki ruwa da ɗan abin taɓawa saboda maganin Baba.

Ɗalibin Azhar: Ni a Alƙahira na saba da irin wannan, ka sauka jirgin Iskandariyya a tashar Ramsis, ka gangara ƙasa sai ga ka a Shuhada ta metro, ko minti biyar ba ka yi jirgi ya iso. Na Abuja ba ya zuwa akai-akai haka, don haka kar ka auna lokaci daf da daf. Abin na sosa min rai fa, dogo ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, ga shi kwance cikin Gusau, amma yau sai mun kai Kaduna kafin mu ga jirgi.

Na Ƙaura: Wanga magana taka ta taɓa ni, kakana a tashar nan ya yi dakon gyaɗa. Ɗan Tudun Wada, shawarata ku kwana Kaduna ku hau na safe, in ya so ko ƙaramin ya wuce ku akwai sauran rana da za ku nemi tasi.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Na kira ƙanen Inna da ke Rigasa, can za mu kwana. Ku sa Baba a addu'a.