Kirsimeti a Japan: ku da kuka riga mu zuwa, ya kuke yi?

Ɗan Kagoro (Nagoya): Jama'a barkanmu da war haka. Bana ce Kirsimetina ta farko a ƙasar nan, kuma an sa mana taro a wurin aiki ranar 25 ga Disamba da safe. Abokin aikina ya ce ai ranar aiki ce kamar kullum. Alhali tun Nuwamba gari ya sha fitilu, kowane kanti ka shiga waƙar Kirsimeti ke tashi. Gaskiya abin ya sosa mini rai.

Maman 'Yan Biyu (Saitama): Sannu ƙanena, duk mun sha wannan. Kiristocin ƙasar kusan kashi 1 cikin 100 ne, shi ya sa babu hutu. Ni abin da na fi kewa shi ne rabon abinci. A Jos tun safe yara ke zirga-zirga da kwanuka gidajen maƙwabta, Musulmi da Kirista. Shekarar farko na kasa haƙura, na dafa shinkafa da miyar kaza na kai wa tsohuwar da ke kusa da mu. Ta karɓa da hannu bibbiyu tana ta rusunawa, amma ka ga alamar ba ta san dalili ba. Washegari sai ga ta da kwanon a wanke tas, cike da ƙananan lemun nan nasu na lokacin sanyi. Tun daga nan duk shekara sai na kai mata.

Ɗalibi a Sendai: Ni Musulmi ne, kallo nake yi, amma layin KFC ya ba ni mamaki. Tun 1974 kamfanin ya fara tallar kaza don Kirsimeti, abin ya zama al'ada, har sai mutum ya yi oda makonni kafin ranar. Sai kek mai farin kirim. Daren 24 kuwa na samari da 'yan mata ne, gidajen cin abinci duk a cike da mutum bibbiyu. Wanda ba shi da kowa a ranar yake jin kaɗaici.

Baban Salama (Tokyo): Ɗan'uwa, ka nemi coci tun yanzu. Mu cocin St. Ignatius da ke Yotsuya muke zuwa, akwai sujada da Turanci, za ka ga 'yan Filifin da 'yan Afirka maƙil. Nagoya ma ba za ka rasa ba. Kiran gida kuma ka lura, mun riga Najeriya da awa 8. Ka bari sai ka tashi aiki, lokacin suna shirin fita coci.

Maman 'Yan Biyu: Na manta ban gaya maka ba. Ranar 26 za ka tashi ka tarar an kwashe ado kaf, an kafa gora da rassan itace a ƙofofi. Sabuwar Shekara ce babbar sallarsu, kowa ya tafi garinsu, ofisoshin gwamnati a rufe daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu. Ka yi cefane da wuri. In ba ka da inda za ka, ka hau jirgin ƙasa ka zo mana, akwai tuwo.

Ɗan Kagoro: Na gode ƙwarai, Mama. Gobe zan nemi hutun rabin yini na ranar 25. Tuwon kuma ina nan tafe, in Allah ya yarda.