Wai maganin farfaɗiya na daƙushe ƙwaƙwalwar yara?

Maman Biyu: Salam jama'a. Ni fa na gaji, shekara 4 kenan ɗana na shan fenobabiton, yanzu malaminsu yace baya ɗaukar karatu, ga ƙiriniya baya iya zama wuri ɗaya. Wlh maganin nan guba ne a hankali yake cin ƙwaƙwalwa, daga gobe na daina bashi.

Baban Auta: Gaskiyarki Hajiya. Tawa fenitoyin aka ɗora ta a kai, dasashinta ya kumbura har ya fara rufe haƙora, gashi kuma ya fito mata a fuska, yarinya tana kuka bata son zuwa makaranta.

Anti Nas: Maman Biyu don girman Allah kar ki yanke masa lokaci ɗaya. Abinda kuka gani ba ƙarya bane, duk sanannun illoli ne. Epilim ma, wani maganin farfaɗiyar, yana iya taɓa hanta musamman ga yaron da bai kai shekara 2 ba, shi yasa ake gwajin jini, kuma fenobabiton da fenitoyin da Tegretol suna sa jiki saurin ƙarar da bitamin D, in an daɗe ƙashi yayi rauni. Amma fa dainawa kwatsam tana iya jawo jijjigar da zata wuce minti 5 bata tsaya ba, wannan kam har rai tana ɗauka.

Kawu: Ni ban yarda komai a ɗora wa magani ba. Ciwon da kansa yana taɓa karatu, wani yaron yana ɗaukewa na 'yan sakanni a aji ba wanda ya lura.

Maman Biyu: Kawu ni na haife shi fa, na san yadda yake kafin a fara bashi.

Anti Nas: Yaushe rabon da ya faɗi?

Maman Biyu: An kusa shekara 3.

Anti Nas: To ai kinga, in yaro ya shekara 2 bai faɗi ba likitoci kan duba yiwuwar janye maganin, wani lokaci sai an yi EEG (gwajin da ke duba yadda ƙwaƙwalwa ke aiki) tukuna, sannan a riƙa ragewa kaɗan kaɗan. In ma bai isa dainawa ba ana iya canza masa wani. Ki faɗa wa likitan maganar malamin nan yadda kika faɗa mana.

Baban Auta: Mu da muka yi ƙorafi ce mana aka yi kawai ta dinga goge baki sosai.

Maman Biyu: Naji Anti, zan bashi na daren nan, Litinin in kai shi. Amma har yanzu a raina maganin ne ya mayar min da yaro haka.