Sabuwar a-kori-kura tana ja dama: alayimin ne, ko an bar jaki ana dukan taiki?

Bashir: Assalamu alaikum jama'a. A raba mini gardama don Allah, na gaji. Wata huɗu ke nan da na fitar da sabuwar a-kori-kura daga wurin dila, ledar kujerun baya ma ban cire ba, yanzu tana kilomita 4,300. Tun satin farko take ja dama. Ba fizga take yi ba, a hankali take zamewa, amma ba ta fasawa. In ina kan miƙaƙƙiyar hanya a gudun 80 ko 90 na sassauta riƙo, kafin in ƙirga huɗu ta fara leƙa bakin titi. Tafiyar awa biyu sai in sauko wuyan hannuna yana zugi.

Sau uku ina mayar da ita. Sau uku ana ɗora ta kan na'urar alayimin, mai auna daidaiton ƙafafun mota, a miƙo mini takarda duk kore, a ce lafiyarta ƙalau. A zuwan ƙarshe cewa suka yi laifin hanya ne. Wani abokina kuma ya rantse duk motar da ke ja gefe alayimin ne, babu wani abu, masu yin ne ba su iya ba. Wa ke da gaskiya?

Oga Tanko: Wa alaikumus salam. Abokinka ke da ita. Shekara 27 ina kwance ƙarƙashin mota, kuma abin da yaran yanzu ba su gane ba shi ne kore ba ya nufin daidai. Kamfani ba lamba ɗaya yake bayarwa ba, tazara yake bayarwa, daga nan zuwa can. Ƙafar hagu za ta iya zama a wannan bakin, ta dama a wancan bakin, kwamfuta ta yi wa kowacce kore, mota kuwa tana tafiya kamar kaguwa. Bambancin da ke tsakanin hagu da dama shi ke jan mota. Turo mana lambobin takardar, Malam Bashir, ka bar zancen launi.

Alhaji Ɗanlami: Kafin a kai ga takarda, ni ina bayan dila. Babu titin kirki da aka shimfiɗa shi a baje. Ana ɗaga tsakiyarsa ya gangara gefe don ruwan sama ya sauka, wajen kashi 2 cikin 100. Inda ake tuƙi a hannun dama, kowace mota za ta nemi dama in ka sake ta. Na tuƙa manya na tuƙa ƙanana, ban taɓa ganin wadda ba ta yi ba. Sabon mai mota ne kawai ke kasa kunne yana jin abin da babu.

Bashir: Alhaji, da girmanka, na gwada wannan. Na je babban fili shimfiɗaɗɗe, na kuma hau layin hagu a tagwayen hanya inda gangaren ya koma hagu. Ta rage ja, amma dama dai take nema.

Alhaji Ɗanlami: To in haka ne na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Bashir: Ga lambobin, Oga. Kamba: hagu +0.1, dama +0.3. Kasta: hagu 2.9, dama 2.5. To-in sun ce yana tsakiya cif. Ni dai ban san ma'anar ko ɗaya ba.

Oga Tanko: Alhamdu lillahi, ga ɓarawon nan a hannu. To-in, wato yadda goshin tayoyin gaba ke fuskantar juna, ba shi da laifi. Kamba ita ce karkatar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta. Mota tana bin ɓangaren da saman tayarsa ya fi karkata waje, a nan dama. Kasta kuma jinginar layin da taya ke juyawa a kansa ce, irin yadda ƙafar gaban keke ta kwanta baya, ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Mota tana bin ɓangaren da kastarsa ta fi ƙanƙanta, a nan ma dama. Biyu sun haɗu a hanya ɗaya. A kwance notunan da ke gindin hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafar daga ƙasa, a juya su a ƙara wa dama kasta, magana ta ƙare.

Injiniya Zainab: Oga Tanko, bayaninka na kamba da kasta babu gyara a ciki. Inda na rabu da kai shi ne girman abin. Bambancin 0.2 da 0.4 na digiri zai iya sa mota ta riƙa zamewa sannu a hankali, na yarda. Amma wanda zai fitar da ita daga layi cikin ƙirga huɗu har ya sa wa mutum ciwon hannu? Da wuya ya isa shi kaɗai. Kuma akwai abin da na'urar alayimin ba ta gani sam: tayar kanta. Kusurwar ƙarfe take aunawa, mota na tsaye. Ba ta san abin da roba ke yi ba in ta fara gudu da nauyi a kanta.

Ka ɗauki bokiti ka kwantar da shi ka gara. Ba zai tafi miƙe ba, zai yi kwana ya bi ɓangaren gindinsa, don can ne ya fi tsukewa. Taya ma tana iya fitowa haka daga masana'anta. In ɗamarar wayoyin ƙarfe da ke ƙarƙashin robar da ke taka titi ta ɗan kauce daga tsakiya lokacin ƙira, gefe ɗaya zai fi ɗaya tauri, sai ta riƙa garawa kamar bokitin nan. Ido ba ya gani. Balansin ba ya gyarawa, don shi maganin karkarwa ne. Kuma ciwo ne na sabuwar taya, tun ranar farko yake nuna kansa, daidai da yadda Malam Bashir ya ce tun satin farko.

Oga Tanko: Hajiya, sabuwar taya fil a leda? Kamfanin da ya ƙera mota bai san taya ba?

Injiniya Zainab: Oga, kai da ka ce kamfanin nan ya saki mota da kasta a karkace, yanzu kuma ba ya kuskure a taya? Gwajin ma ba ya cin komai. A musanya tayoyin gaba biyu, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, a koma hanyar da aka saba gwadawa. In alayimin ne, jan zai tsaya yadda yake, don ba a taɓa noti ko ɗaya na ƙafa ba. In ya juya ko ya ɓace, taya ce. A duba gefenta tukuna, in akwai kibiya mai nuna inda za ta riƙa juyawa, to musanyar ta gwaji ce kawai, a mayar daga baya.

Baba Ilu mai faci: 'Ya'yana, duk kun tsallake iska. Sababbin motoci sukan zo da iska fiye da ƙima saboda doguwar ajiya da jigila, aikin dila ne ya rage kafin ya miƙa makulli, wani lokaci a manta, ko a rage uku a bar ɗaya. Tayar da iskarta ta gaza tana jan mota zuwa ɓangarenta. Bashir, ka auna da safe kafin motar ta motsa, da geji ɗaya duka huɗun. Lambar da za ka bi tana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Wadda ke rubuce a jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

Bashir: Baba na auna yau da asuba. Gaba biyun daidai suke da abin da ke jikin ƙofa. Ta baya ta hagu ce ta haura da 3, na rage. Babu abin da ya canza.

Baba Ilu mai faci: Madalla. An cire ɗaya.

Nura mai wayarin: Ni kallonku kawai nake yi, kuna magana kamar motar 1995 ce. Bashir, sitiyarinka na mai ne ko na lantarki? Yawancin sababbin nan babu famfo babu mai, ƙaramin inji ne na lantarki ke taya ka murzawa. Akwai sensa mai auna ƙarfin da hannunka ya sa, akwai mai auna inda sitiyari ya tsaya. In aka yi alayimin ba a shiga kwamfuta an nuna mata sabuwar tsakiya ba, tana iya ɗaukar karkatacce a matsayin miƙaƙƙe. Sau uku aka taɓa motar nan, wa ya tabbatar an saita ko sau ɗaya? Wasu kuma suna da kyamara a gilashin gaba mai karanta layin titi tana ɗan tura sitiyari. Ka kashe wannan ka gwada. Sannan a ɗaga gaban motar tayoyi su bar ƙasa, a tayar da inji, kowa ya janye hannunsa. In sitiyari ya fara juyawa da kansa, nawa ne, ba na Oga ba, ba na Hajiya ba.

Oga Tanko: Kowa ya zo da abin da yake ci da shi. Mai faci ya ce iska, mai waya ya ce waya.

Nura mai wayarin: Mai alayimin kuma ya ce me, Oga?

Sadiya: Yaya Bashir, ni ba makanike ba ce, amma abu biyu. Kada ka bari kowa a waje ya kwance noti a ƙafar motar nan tana cikin garanti, don ranar da ka koma za a ce hannun wani ya shiga. Kuma duk zuwan da ka yi a rubuta maka ƙorafinka yadda ka faɗe shi, da kwanan wata da kilomita, ka riƙe kwafi. "Mun duba babu komai" da baki ba ya zama hujja. Gwajin sakin hannun nan kuma, don Allah inda babu kowa, hannunka na shawagi a kan sitiyari.

Oga Tanko: Wannan gaskiya ce, ƙanwata. Ban ce ya kawo mini ba, na ce ya tsaya a kansu su gyara. Kuma tunda ana lissafi, a ƙara birki. Kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, in ta riƙe ba ta saki sosai, tana jan mota ɓangarenta. Ka yi tafiyar kilomita 15 ba yawan taka birki, ka gangara ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili. Kusa na ce, kada ka taɓa faifan, zai ɗauke maka fata. Wanda ya fi zafi shi ke riƙewa. A duba baya ma. Yawancin a-kori-kura aksul ɗaya gare su a baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, haɗe da sifirin, ƙusa ɗaya a tsakiyar kowane sifirin ke tsayar da shi a gurbinsa. In ya zauna a karkace, baya zai riƙa tura motar gefe kana gyarawa da sitiyari. Yana cikin takardar in ƙafa huɗu suka auna.

Injiniya Zainab: Duk a yi, amma ɗaya bayan ɗaya, a hanya ɗaya, a gudu ɗaya, bodi babu kaya. In aka canza abu uku rana guda motar ta gyaru, ba wanda zai san wanne ne, in ta dawo kuma a koma farko.

Bashir: Jama'a na dawo, kwana biyu ina kan abin nan. Sitiyarin na lantarki ne. Na kashe mai bin layi, tana ja. Mun ɗaga gaba mun tayar, sitiyari bai motsa ba. Wili huɗu ɗuminsu ɗaya. Lambar baya a takarda 0.02 ce. Sai muka musanya tayoyin gaba.

Wallahi da na hau hanya sai da na yi dariya ni kaɗai. Hagu take ja yanzu. Ba da ƙarfin da take jan dama ba, sai na ƙirga bakwai ko takwas kafin ta taɓa layi, amma hagu ce babu tantama. Na je na dawo sau uku don kada in yaudari kaina.

Baba Ilu mai faci: Gani ya kori ji.

Injiniya Zainab: To ga shi. Ba a taɓa kamba ba, ba a taɓa kasta ba, jan ya juya. Yanzu a gano wacce ce a cikin biyun. Ka mayar da ta gaban hagu baya, ta bayan ta dawo gaba, ka gwada. In jan ya tafi ita ce, in yana nan ɗayar ce. Da wannan za ka koma wurin dila, ka nemi babban makanikensu ya shiga motar ku yi tafiyar tare, a musanya a gabansa.

Oga Tanko: Tsaya Hajiya, kada ki yi saurin naɗe tabarma. Ƙirga huɗu zuwa dama, ƙirga takwas zuwa hagu. In taya ce kaɗai, me ya hana ta ja hagu da ƙarfin da ta ja dama? Akwai abin da ke taya ta in ta nufi dama, yake riƙe ta in ta nufi hagu. Wannan abin kastata ce, 0.4 ɗin da kika raina.

Alhaji Ɗanlami: Ko gangaren titina. Rabin maganar da na ajiye ke nan.

Injiniya Zainab: Na karɓa, Oga, lissafinka ya fita. Akwai saura, kuma kai da Alhaji za ku raba shi. Amma ka ce duk motar da ke ja alayimin ne. Da an bi taka tun farko, da an murɗe kasta har sai ta danne laifin tayar, motar ta miƙe. Ranar da aka juya tayoyi a sabis, ko aka sa sababbi, sai ta koma jan hagu, a sake neman wani ɓarawon.

Oga Tanko: "Duk" ɗin abokinsa ne ya faɗa, ni goyon baya na yi. Na sauke shi zuwa "yawanci". Daga nan ba na motsawa.

Bashir: Ta gaban hagu ce, wadda da take dama. Da ta koma baya motar ta miƙe, sai 'yar zamewa dama da ba ta kai a riƙe da ƙarfi ba. Babban makanikensu ya tuƙa da kansa, an mayar da ita gaba ya sake tuƙawa, bai ce komai ba ya je ya rubuta a canza ta. Na tambaye shi zancen kasta, ya ce tunda kore ce ba zai taɓa ba.

Oga Tanko: Ka koma. Ka ce masa ba kore ka zo saya ba, so kake hagu da dama su yi kusa da juna.

Injiniya Zainab: Ka bari sabuwar tayar ta hau tukuna, ka yi mako kana tuƙawa. In har yanzu tana nema dama a filin nan shimfiɗaɗɗe, ni da kaina zan ce ka bi Oga.

Nura mai wayarin: In sun taɓa kuma, a saita mini sensar nan kafin ka karɓi makulli.